Daga Bradford zuwa Salford: ina hukumar zari-ruga take kafin bashi ya ci ƙungiya?

Ranar 3 ga Disamban 2025 Babbar Kotu da ke Landan ta ba da umarnin rushe kamfanin da ke riƙe da Salford Red Devils, ƙungiyar zari-ruga da aka kafa tun 1873, bayan hukumar tara haraji ta Birtaniya ta shigar da ƙara kan kuɗin da take bin ta. Labarin ya sosa mini rai ƙwarai, domin babu wani mai bibiyar wannan wasa da zai ce abin ya zo masa ba zato ba tsammani. Shekara guda cur aka yi ana kallon ƙungiyar tana zubewa a gaban kowa, har da hukumar da aka ɗora wa nauyin sa ido a kanta, wato RFL, hukumar da ke kula da wannan wasa a Ingila.

Zari-ruga iri biyu ne, kuma wanda nake magana a kai shi ne na 'yan wasa 13 a kowane ɓangare. An haife shi ne a 1895 a otal ɗin George da ke garin Huddersfield, lokacin da ƙungiyoyi 22 na arewacin Ingila suka ɓalle daga uwar hukuma saboda suna son a riƙa biyan ma'aikatan masaƙu da mahaƙan kwal kuɗin aikin da suka rasa a ranar wasa. Har yau wasan talakawa ne, wanda ƙarfinsa ya taru a garuruwa irin su Wigan da St Helens da Hull da Castleford, kuma kuɗin da ke cikinsa bai kama ƙafar na ƙwallon ƙafa ba. A irin waɗannan garuruwa ƙungiya ita ce abin tinƙahon jama'a, kaka da jika suna zuwa fili ɗaya, shi ya sa durƙushewarta ba ta tsayawa a kan masu hannun jari kaɗai.

Kafin Salford an yi Bradford Bulls, kuma a nan ne ya kamata a ce an koyi darasi. Bradford ta lashe gasar Super League, wato rukuni na farko na wasan, a 1997 da 2001 da 2003 da 2005, ta kuma ɗauki kofin zakarun ƙungiyoyin duniya a 2002 da 2004 da 2006. Filinta na Odsal shi ne wanda mutum 102,569 suka cika a 1954 domin kallon karawar Warrington da Halifax. Amma a farkon 2012 hukumar RFL ta sayi haƙƙin hayar filin daga hannun ƙungiyar, aka ce an yi haka ne domin kare wuri mai tarihi. Ba a jima ba shugabannin ƙungiyar suka fito suna roƙon magoya baya su tara fam miliyan ɗaya, jama'a suka yi ta kawo abin da suke da shi har aka samu kimanin rabin kuɗin, duk da haka a watan Yuni aka miƙa ƙungiyar hannun masu kula da kamfanonin da bashi ya fi ƙarfinsu. Hukuma ta zabtare mata maki 6. Sabon mai ƙungiya ya zo, a farkon 2014 aka sake komawa gidan jiya, aka sake cire maki 6, ƙungiyar ta faɗa rukuni na biyu. A Nuwamban 2016 abin ya faru karo na uku, a Janairun 2017 kuma aka rushe kamfanin baki ɗaya, sabuwar ƙungiyar da aka kafa da sunan ta fara kaka da bashin maki 12 a kanta.

Abin da ya fi tsaya mini a wannan tarihi shi ne duk wanda ya karɓi Bradford a tsakanin waɗannan shekaru sai da hukuma ta amince da shi kafin ya karɓa. Ita ce mai gidan haya, ita ce mai raba kuɗin talabijin, ita ce mai tantance sabon mai saye, sannan ita ce alƙalin da ke yanke hukunci idan abu ya lalace. Hukuncin kuma cire maki ne, wanda nauyinsa ke sauka a kan ɗan wasan da bai karɓi albashinsa ba, da mai horarwa, da magoyin bayan da ya riga ya biya kuɗin tikitin shekara. Wanda ya ciwo bashin yakan tafi abinsa. A ganina wannan ba adalci ba ne, ko da kuwa manufar dokar ita ce hana ƙungiya yin cefanen 'yan wasa da kuɗin da ba ta da shi ta cuci abokan hamayyarta masu taka-tsantsan.

Salford ta bi sawun ne kusan taki bayan taki. Ƙungiya ce mai ƙaramin aljihu wadda ta riƙa yin abin da ya fi ƙarfinta a fili: ta kai wasan ƙarshe na Super League a 2019, ta kai na kofin Challenge a 2020, ta kuma ƙare a mataki na huɗu a 2024. A ƙarshen wannan shekarar aka ba ta fam 500,000 daga cikin kasonta na kuɗin da ake raba wa ƙungiyoyi na shekara mai zuwa tun lokacin bai yi ba, abin da ya isa ya nuna cewa tukunyar ta riga ta tsage. A Janairun 2025 hukuma ta ƙayyade mata cewa albashin 'yan wasan da za ta saka a fili kada ya wuce fam miliyan 1.2, ta kuma umarce ta da sayar da wasu. A Fabrairu aka sanar da cewa wasu 'yan kasuwa ƙarƙashin jagorancin wani mutumin Switzerland sun saye ta. A wasan farko na kakar ta fito da yara matasa, St Helens ta lallasa ta da ci 82 da nema, daga baya ma aka cire mata maki 2 saboda wannan jeri da ta fitar. Hukuma ta amince da cinikin ta ɗage takunkumin, amma da albashi ya makara sai ta mayar da shi. Manyan 'yan wasa suka yi ta ficewa ɗaya bayan ɗaya, aka riƙa aro 'yan wasa daga wasu ƙungiyoyi domin a cike gurbi, har a watan Agusta ta kasa fitowa wasanta da Wakefield.

Tambayar da nake ganin ta fi kowace muhimmanci ita ce abin da hukuma ta gani da idonta kafin ta amince da cinikin Fabrairu. Alƙawarin zuba kuɗi daban, kuɗi a asusu daban, kuma tarihin Bradford kaɗai ya isa ya sa a dage sai an ga na biyun. Saka yara marasa ƙwarewa su yi karo da ƙattai a wasan da ake gwabza jiki da jiki ma batu ne na lafiya da rai, ba na maki kawai ba.

Ba zan ɗora wa RFL dukkan laifi ba. Kuɗin da tashar Sky ke biya domin nuna wasannin ya ragu daga kimanin fam miliyan 40 a shekara zuwa kimanin miliyan 25 a 2022, annobar korona ta tilasta wa wasan karɓar rancen fam miliyan 16 daga gwamnati a 2020, kuma ƙungiyoyin kamfanoni ne masu zaman kansu da hukuma ba ta da ikon ƙwace su. An kuma gwada hanyoyi. Daga 2009 zuwa 2014 lasisin shiga Super League ake bayarwa maimakon hawa da sauka tsakanin rukunai, amma a ƙarƙashin wannan tsari ne ƙungiyar Crusaders ta yankin Wales ta janye a 2011, Bradford kuma ta durƙushe tana riƙe da lasisinta. Yanzu ana amfani da ma'aunin kamfanin IMG, inda ake ba kowace ƙungiya maki daga cikin 20 domin tantance masu shiga Super League, kuma lafiyar aljihu ba ta da fiye da 4.5 a ciki. Da wannan ma'auni ne Salford ta samu gurbi a Super League na 2025, makonni kaɗan kafin ta nemi a ba ta kuɗin gaba. Ma'aunin yana duba lissafin shekarun baya, alhali matsalar ita ce ko za a iya biyan albashin watan gobe.

Akwai kuma wani rauni da ya fi waɗannan zurfi, wato ƙungiyoyin da ake sa wa ido su ne ke da ƙuri'ar naɗa shugabannin hukumar da sauke su. A Maris ɗin 2025, ana tsakiyar rikicin Salford, matsin lambar ƙungiyoyi ya sa shugaban RFL Simon Johnson ya sauka. Da wuya mutum ya tsananta bincike a kan wanda ke iya raba shi da kujerarsa.

Ƙwallon ƙafa ta Ingila ta fuskanci irin wannan bayan korar Bury daga gasa a 2019, kuma a 2025 majalisar dokoki ta kafa mata hukuma mai zaman kanta da ke bincikar masu ƙungiyoyi da asalin dukiyarsu. Ina ganin zari-ruga na buƙatar makamancin haka gwargwadon ƙarfinsa: kwamitin da ƙungiyoyi ba za su iya sauke shi ba, wanda zai riƙa ganin shaidar biyan albashi da haraji kowane wata, ya kuma wajabta wa duk mai son sayen ƙungiya ya ajiye kuɗin albashin watanni da dama a asusun da ba zai iya taɓawa ba. Idan kuma abu ya lalace, a haramta wa shugabannin da suka jawo shi sake riƙe wata ƙungiya kafin a waiwayi makin 'yan wasa. Bradford ta koma Super League a kakar 2026, a gurbin da Salford ta bari, bayan shekara 11 tana waje, sabuwar Salford kuma ta fara daga rukuni na biyu a ƙarƙashin kulawar hukumar nan dai da ta amince da cinikin Fabrairun 2025.