Daga Madina zuwa Jidda, da asid ɗin da aka yi wa iƙama

Ranar da muka kammala ziyara a Madina, abokan tafiyata suka nufi kasuwar dabino, ni kuwa na kama hanyar tashar jirgin ƙasa na Haramain. Ɗan yayata ne ya matsa. Shekara uku yana aiki a wani ɗakin bincike a Jidda, kullum muka yi waya sai ya ce, "Kawu, sai ka zo ka ga inda allinka ya kai ni." Shekara talatin na yi ina koyar da kimiyya a sakandare, kuma shi ma ta hannuna ya bi.

Jirgin dai ba a cewa komai. Tun 2018 yake aiki, layinsa ya kai kilomita 450 daga Madina zuwa Makka, gudunsa na taɓa kilomita 300 a awa. Baƙaƙen duwatsu na wucewa ta taga kamar ana jan tabarma. Na ɗan runtsa, muka tsaya a birnin kasuwanci na Sarki Abdullahi, kafin awa biyu ta cika sai ga mu a tashar Sulaimaniyya. Zafin Jidda mai ɗanshi ne. Ina fitowa tabarauna ya yi hazo.

Washegari ya sa mini farar riga a kan kaftanina, ya kai ni gaban na'urar. Na zaci zan ga wani abu kamar injin niƙa. Sai ya miƙo mini wani zare mai launin zuma, siriri kamar gashin wutsiyar doki, tsawonsa wajen mita ɗaya. Wai bututun gilashi ne, faɗin ramin cikinsa maikiromita 50, da ƙyar ya kai kaurin gashin mutum. Ana cika shi da ruwa mai tsami, a zuƙa masa samfurin da ido ba ya gani, a sakar masa wuta bolt 30,000. Kowane sinadari sai ya kama gudu gwargwadon cajinsa da girmansa. A bakin bututun akwai wata na'urar da ke fesa ruwan ya zama ƙura, ta auna nauyin duk wanda ya iso. Ya ce Jorgenson da Lukacs ne suka fito da wannan salon tsere a Amurka a 1981, a 1987 kuma aka fara haɗa shi da ma'aunin nauyi.

Na tambaye shi me yake nema a ciki. Ya yi dariya ya ce, "Abin da ka sa mu haddacewa da bulala, Kawu." Zagayen Krebs kenan, hanyar da jiki ke bi ya fitar da kuzari daga abinci, wanda Hans Krebs ya bayyana a 1937, da asid ɗin da ke cikinsa: sitirik (tsamin lemun tsami), sakasinik, fumarik, malik. Da kuma laktik, tsamin da ke cikin kindirmo, wanda jiki ma yake yi in an sha gudu. Na zana su a allo sau ba adadi, ban taɓa ganin an auna ko ɗaya ba.

Matsalar, in ji shi, waɗannan asid ɗin 'yan taurin kai ne. Amino asid, wato tubalan ginin furotin, in suka shiga ruwan tsami, cajinsu fozitif ne, kai tsaye suke nufar ma'auni. Waɗannan kuwa ko dai su zauna ba caji, ko su ɗauki negatif su juya baya. In kana son ganinsu sai ka juya wutar gaba ɗaya, a nan kuma ake shan wahala: tartsatsi a bakin allurar da ke fesa ruwan, feshi ya riƙa yankewa, allurar ƙarfe ta ci tsatsa. Masu bincike a Jafan har sai da suka koma allurar filatinam.

Dabarar ita ce a sauya wa asid ɗin kama kafin ya shiga bututu. Ya ɗauko 'yar kwalba da ba ta kai ɗan yatsana ba, ya ɗiga wani sinadari mai ɗauke da naitirojin mai hannu huɗu, wanda cajinsa fozitif ne dindindin, ya rufe ya sa a ɗumi. Sinadarin zai kama asid ɗin daidai wurin da tsaminsa yake, ya manne. Daga nan sai ya bi ayari ɗaya da amino asid, ba sai an juya komai ba, kuma ma'auni ya fi jin ɗuriyarsa ko da daga 'yan ƙwayoyin halitta kaɗan aka tatso shi. Wani abokin aikinsa, haifaffen Makka amma kakanninsa daga Katsina suka taho a ƙafa, ya leƙo ya ce da Hausarsa mai gardin Larabci, "Alhaji, iƙama muke yi musu. In ba takarda, kwamfuta ba ta san da kai ba."

Ni dai malami ne, sai da na nemo aibu. Na ce sitirik hannu uku gare shi, wato wuraren tsami uku, in sinadarin ya kama biyu ya bar ɗaya fa? Ɗan yayata ya sosa ƙeya ya ce wannan ne ke hana shi barci. Shi ya sa tun farko suke zuba tagwayen asid ɗin masu kabon 13, wato irinsu sak sai dai sun ɗan fi su nauyi yadda ma'auni zai bambanta su, duk asarar da aka yi a hanya ta shafe su tare, lissafi ya daidaita. Bai gamsar da ni duka ba, don duk matakin da aka ƙara ƙofa ce ta kuskure. Amma da allon kwamfuta ya nuna tsaunuka biyu a jere, ya ce wannan sitirik, wancan aisositirik, nauyinsu ɗaya sak, 192, tseren bututu ne kawai ya raba su, sai na yi shiru.

Garin matsawa in gani da kyau, hannun kaftanina ya ja zaren, ya karye ƙas. Na yi salati. Ya ce, "Ba komai Kawu, da mita ake sayensa," ya yanko wani da ɗan fallen tangaran, amma na ga yadda ya dubi agogo.

Da dare Bakatsinen nan ya kai mu wajen masu tsire, wanda a Hijaz ake ce wa sire. Ƙuli da yajin duk na gida ne, mai gashin ma da Hausa ya yi mana sannu da zuwa. Aka kawo da albasa da yankan lemun tsami. Na matsa lemun a kan naman, ɗan yayata ya nuna da baki ya ce, "Hannu uku, Kawu." Na ce ya ci abincinsa, kuɗin zaren ma a cire a nan.