Kaset ɗin Kwaɗo da fassarar Yaya

Asabar, bayan sallar isha'i.

Abin da ya fitar da ni da safe shi ne in taya Inna kwashe kayan ɗakin ajiya, don mai gyaran rufi zai zo ranar Litinin. Kwanon ya fara yoyo tun tsakiyar damina, muna ta gobe-gobe har hunturu ya shigo. Muna cikin jan kaya, ƙura ta turnuƙe, sai ga adakar Baba, Allah ya jiƙansa, wadda ba a buɗe ba tun bayan sadakar arba'in. Takardun fili, tsohon fasfo, dara ɗaya da asu ya gama da ita, a can ƙasa kuma kaset ɗin bidiyo guda huɗu cikin leda. Uku na bukukuwan dangi ne. Na huɗun, a takardar gefensa an rubuta MUPPETS, sunan wani shirin 'yan tsana na talabijin, da shuɗin biro, rubutun Kawu mai kwanciya gefe guda. A ƙarƙashi wani yaro ya ƙara KWADO da fensir, ko lanƙwasar ɗ ɗin bai iya ba. Ni ne yaron.

Inna ta leƙo ta kafaɗata ta ce, "Au, abin nan da ya riƙa hana ku zuwa makarantar allo yana nan ashe?" Daga nan aikin ɗaki ya tsaya. Na bar mata yaran maƙwabta biyu, na ce yanzu zan dawo. Ta ce ta san irin yanzun.

Kawu, ƙanen Inna, shi ya kawo kaset ɗin. Ya yi karatu a Ingila, ya dawo a 1982 da akwatin bidiyo da kaset-kaset da ya naɗa daga talabijin ɗin can. Da zai tafi aiki Legas sai ya bar mana bidiyon. Kaset ne mai awa uku, shiri shida a ciki da guntun na bakwai da ya yanke a tsakiya, har da tallace-tallacen Turawa na sabulu da shayi waɗanda muka haddace ba mu san me ake sayarwa ba. A layinmu gida biyu ne kawai ke da bidiyo. Duk yammacin da aka kawo wuta, silifas ɗin yara sai ya cika ƙofar falonmu har mutum ya rasa inda zai sa ƙafa.

Samun abin da zai kunna shi ne ya ci mini rabin yini. Shago huɗu na shiga a layin masu gyaran rediyo, kowa ya juya kaset ɗin ya yi dariya ya miƙo mini. Wani saurayi ma tambayata ya yi ta ina ake sa masa caji. A na biyar ne na sami wani dattijo mai tabarau ɗaure da zare, yana zaune tsakanin gawawwakin talabijin. Bai yi dariya ba. Ya danna ɗan maɓallin gefe, ya ɗaga murfin, ya kalli zaren a hasken rana.

"Malam, fumfuna ta fara ci, amma da sauran rai. Ka ci sa'a a busasshen wuri ya kwana."

Ya zaro wani bidiyo daga ƙarƙashin benci, ya kwance murfinsa, ya jiƙa farar takarda da sifirit yana goge kan da ke juyawa, a hankali kamar mai wanke jariri. Ya ce masu zuwa wurinsa yanzu duk irina ne, masu furfura da kaset ɗin aure a hannu. Ya ce in lallaɓa abin, don ba a ƙera sabo. Gaskiyarsa kuwa: Funai na Japan, kamfani na ƙarshe da ke ƙera su, ya daina tun 2016. Na ajiye masa kuɗin jingina, ya haɗa mini da wayar nan mai kai ja da fari da rawaya, ya ce ranar Litinin yana son kayansa.

Da na iso gida babu wuta. Na tada inji, uwargida tana kallona tana lissafin man fetur da ido.

Kaset ya shige da wannan ƙarar, ƙaƙas-ƙurum, wadda ban san na yi kewarta ba sai da na ji ta. Allo ya yi shuɗi, ya yi yayyafi, layi-layi suka hau suka sauka, sai ga Kwaɗo ya leƙo ta cikin harafin O yana yarfa hannu. Launin ya koɗe, koren nasa ya koma ruwan ganyen da ya kwana a miya. Amma shi ne. Labule ya buɗe, 'yan tsana suka jero ta ƙofofi masu baka suna rawa, a ƙarshe Dogon Hanci ya busa ƙaho abin ya ƙi. Na san zai ƙi, na yi dariya duk da haka, yarana uku suna kallona kamar na zauce.

Sunayen duk namu ne. Kermit shi ne Kwaɗo, Gonzo Dogon Hanci, Animal mai dukan ganguna Ɗan Tauri. Fozzie, beyar nan mai 'yar hula da ke ba da barkwanci ana yi masa ihu, shi ne Ɗan Kama. Miss Piggy kuwa Kaka ce ta raɗa mata suna. Ranar da ta fara ganinta ta ce, "A'uzubillahi, alade da gashin kanti da jan baki!" ta juya wa talabijin baya. Amma ba ta fita daga falon ba. Tana jan carbi, can sai ka ji ta ce, "Bazawarar ta mare shi ko tukuna?"

Kuma duk abin da muka sani game da shirin daga bakin Yaya muka ji shi. Lokacin yana aji ɗaya a sakandare, shi ne mai Turancin gida, shi kaɗai aka yarda ya taɓa maɓallan bidiyo. Yakan zauna daf da akwatin, ya juyo rabin fuska gare mu, yana fassara. A bakinsa, Kwaɗo mai gidan haya ne, sauran duk 'yan haya ne da ba sa biya, shi ya sa kullum yake cikin tashin hankali. Tsofaffin nan biyu da ke zaune a bene surukansa ne, sun zo karɓar bashin sadaki sun ƙi tafiya. Na tashi da wannan labarin, ban taɓa tuhumarsa ba, don rabona da shirin tun wajen 1989 da bidiyon ya lalace.

Minti goma da farawa yau na fara jin wani iri. Babu maganar haya. Gidan wasa ne, Kwaɗo ne mai gabatarwa, yana fama ya haɗa kan 'yan wasan da ba su iya komai ba kafin baƙon mako ya gudu. Tsofaffin 'yan kallo ne kurum, masu baƙar magana, kullum suna kushe wasan kuma kullum suna dawowa. Na yi shiru, na ce wataƙila a wani shirin ne aka yi zancen bashin.

Sai Kuku ya fito, da gashin baki da girar da ta rufe ido, ya watsar da ludayi ta bayansa ya fara surutu. Autana ya ce, "Abba, wane yare yake yi?" Ban ko yi tunani ba na ce, "Turancin Sarauniya ne, na asali, shi ya sa yake da wuya." Haka Yaya ya gaya mana. Babbar 'yata, wadda ke aji biyar a sakandare, ta juyo ta ce, "Abba, wannan ba Turanci ba ne fa." Na kasa kunne. Shekara ashirin ina koyarwa da Turanci, ban tsinci komai ba sai kalma ɗaya-ɗaya, kaza, tukunya. Sauran duk burum-burum ne, kwaikwayon sautin mutanen Suwidin, ba yaren kowa ba. Wannan mutumin ne Yaya ya riƙa fassara mana shi jimla bayan jimla, fuska a murtuke: ya ce a wanke kaza, ya ce a kawo daddawa, ya ce wanda bai ci ba ya yi asara. Daddawa! Yara goma sha biyar a falo, babu wanda ya tambayi inda Bature ya san daddawa.

Na tsayar da kaset na yi dariya har da hawaye, na kasa yi musu bayani.

Bayan la'asar na zauna da waya ina bin diddigin shirin, abin da ban taɓa yi ba. Ashe Jim Henson, wanda ya ƙirƙiro su, Ba'amurke ne, amma manyan tashoshin ƙasarsa ba su karɓi shirin ba. Lew Grade na kamfanin ATV a Ingila ne ya zuba kuɗi, aka riƙa ɗauka a Elstree kusa da Landan, aka nuna shi daga 1976 zuwa 1981, shiri 120. A shekarar farkon ce kuma JVC ya fito da irin wannan kaset na VHS, wato tagwaye ne. Kwaɗon farko, na 1955, da tsohon kwat ɗin mahaifiyar Henson aka ɗinka shi, idanun kuma ƙwallon tebur ce aka raba biyu. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yadda ake wasan. Mutum yana tsaye a ƙasan dandali, hannunsa a sama cikin kan 'yar tsana, yana kallon kansa a ƙaramin allo don ya ga abin da muke gani. Kuku mutum biyu ne: Henson ke riƙe da kai da murya, Frank Oz ke ba da hannuwa biyu, hannuwan mutum na gaske, shi ya sa kai yake kallon gabas hannu yana aikin yamma. Oz ɗin nan kuma shi ne Ɗan Kama, shi ne Ɗan Tauri, shi ne Bazawara. Namiji ne ashe. Da Kaka ta ji wannan da an sha salati.

Ba komai ne ya tsufa da kyau ba, in faɗi gaskiya. Akwai mawaƙan da suka zo baƙunta waɗanda ko a lokacin ma tura kaset gaba muke yi in sun fara jan murya, yau ma yarana sun yi ta hamma. Dariyar da ake ji a baya ta gwangwani ce, wato naɗaɗɗiya da aka ɗora, yanzu kunnena yana kama ta. Kuma rabin barkwancin ba na yara ba ne, wasa da kalmomi ne na manya, wanda ko da Yaya ya ji ba zai fassaru ba. Amma faɗuwa da fashewa da kaji masu tsalle ba sa neman tafinta. Autana ya kwanta a ƙasa don dariya lokacin da Ɗan Tauri ya haukace a kan ganguna, daidai irin kwanciyar da nake yi a kan ledar falon Baba.

Shiri na huɗu ne na dogon baƙin mutumin nan mai murya a dushe, wanda ya yi gasar kiɗa da Ɗan Tauri. Yaya ya ce mana ɗan Gana ne, ya taɓa zama a Sabon Gari. Harry Belafonte ne, haifaffen New York mai tushen Jamaika, ya rasu a 2023 yana da shekara 96. A ƙarshen shirin yakan zauna ya yi magana a nutse, sannan wasu 'yan tsana masu fuskokin sassaƙa irin na Afirka su kewaye shi suna amshi. Mu dodanni muke ce musu, ƙananan cikinmu har ɓuya suke yi. Na tuna nan ne kaɗai wurin da Yaya ba ya cewa uffan. Yau na ji abin da mutumin ke faɗa: labarin tafiyarsa ƙasar Gini ne, da wani mai ba da labari da ya haɗu da shi a can, daga wurinsa ya samo waƙar. Ita ce kuma ya rera a taron makokin Henson a 1990, wanda ya mutu yana da shekara 53 kacal. Na mayar da wurin baya sau biyu. A karo na biyu zaren ya ɗan tauna, gabana ya faɗi, na bar shi haka.

Na ga Disney ne ke da su tun 2004, an fitar da zango uku na farko a faifan DVD, a 2021 kuma aka zuba kusan duka a Disney+, tas-tas babu yayyafi. 'Yata ta ce ta ga guntaye a YouTube, in ina so ta nemo mini Kukun. Na ce ta bari tukuna.

Bayan magariba na kira Yaya. Muka gaisa, na tambayi iyali da ciwon gwiwarsa, sannan na ce, "Yaya, na sami kaset ɗin Kwaɗo."

Ya yi shiru kaɗan. "Yana yi?"

"Yana yi. Yaya, ina maganar kuɗin haya?"

Dariyarsa sai da ta koma tari. Ya ce, "Kai, wa ya gaya maka ni ma ina ji? Turancin da muke yi a makaranta daban, wannan kamar ana zuba tsakuwa a kwano. To yara sun cika falo, kowa ya zuba mini ido, Baba yana bakin ƙofa yana jiran ya ga amfanin kuɗin makaranta. In ce ban sani ba?"

Na ce, "To daddawar fa?"

"A'a, wannan kam ya faɗa. Ka sake saurara da kyau."

Na ce masa mai bidiyon yana son kayansa ranar Litinin. Ya ce gobe bayan azahar yana nan tafe da yaransa, in tara nawa, in sayi mai. Har na yi sallama ya sake kira.

"Ka rage muryar talabijin ɗin kafin in zo. Kuma kar wanda ya taɓa mini maɓalli."