TARIHIN RAYUWATA, kashi na 9: Ranar da Inna ta taso daga Tawa saboda tumbina

Assalamu alaikum jama'a, mun sake haɗuwa. Satin da ya wuce na tsaya inda lokotoro ya miƙo mini takardar analiz, sukarin safe kafin in ci komai giram 2,40 a kowace lita ta jini, alhali na mai lafiya daga 0,70 ne zuwa 1,10, kuma in ya kai 1,26 har sau biyu to an shiga sahun masu diyabet, wato ciwon sukari. Ɗayan gwajin da suke ce ma emoglobin glike, wanda ke tona asirin sukarin mutum na wata 3, ya nuna 9,8. Kilo 104 nake ranar. Ya rubuta mini ƙwayar maganin sukari da ake ce ma metformin, ya ce sai rejim da tafiyar ƙasa, in na iya zubar da ko kashi 10 cikin 100 na nauyina zan ga canji da idona.

Na tambaye shi mi ya haɗa tumbi da sukari, ya ce kitsen ciki ba waje kaɗai yake tsayawa ba, yana taruwa a hanta da pankiriyas, gaɓar da ke yin sinadarin insulin, shi ke sa insulin ɗin da jiki ke yi ya kasa shigar da sukari cikin nama sai ya yi ta yawo a jini. In kitsen ya ragu insulin ya samu hanya. Na gane, na ce to bismillah.

Wallahi sai da na zauna na ƙirga abin da nake zubawa cikina a yini sannan na ji kunyar kaina. Da safe burodi da shayin madarar gwangwani mai zaƙi, ƙarfe 11 mai hura ta biyo ta shagona a Katako a dama mini da sukari, da rana shinkafa cike da kwano, in bi ta da sukreri mai sanyi saboda zafin Yamai, kwalba guda ta santilita 33 kuwa kusan giram 35 na sukari ke ciki, kamar ka jefa ƙwaya 7 a baki ke nan, ni kuma wani yini biyu nake sha. Da dare tuwo, bayan isha kuma fada a ƙofar gida nan Bukoki, shayi na 1 na 2 na 3, kuma kun san yadda yaran fada ke auna sukari, da kofin shan suke cikawa su juye a buta.

Sukreri bai ba ni wahala ba, rana ɗaya na bari. Shayin fada ne ya so ya kai ni ƙasa, don ƙin karɓar kofi a fada kamar ka ce ka yi fushi da mutane ne. Sai na roƙi yaron da ke dafawa ya riƙa tsiyaya mini nawa kafin ya sa sukari. Ɗaci kamar maɗaci, sati 2 ina ɓata fuska suna mini dariya, yanzu kuwa in na kurɓi mai sukari sai in ji kamar an narka alewa.

Maman yara ita ta ɗauki sauran aikin, Allah ya saka mata. Ta samo mini faranti nawa ni kaɗai na bar cin kwano ɗaya da yara, rabin farantin ganye, ko kopto na zogala da ɗan ƙuli-ƙuli, ko kabeji da tumatir da kokombur, kwata guda kifi ko nama ko ƙwai, kwatan da ya rage shi ne na tuwo ko shinkafa, malmala kamar dunƙulen hannuna. Na sayi ƴar na'urar nan ta huda yatsa a farmasi na riƙa gwada abinci ɗaya bayan ɗaya, awa 2 bayan ci, lokotoro ya ce kada ya wuce 1,80. Shinkafa fara zalla ta kai ni 2,30. In aka haɗa ta da wake da yawa aka rage ta sai in tsaya 1,70. Dambu da zogala ya fi kowa zama lafiya da ni. Hura da sukari kuwa, hurar da aka yaye ni da ita, 2,60. Ranar na daɗe ina kallon na'urar kamar ta zage ni.

Sai tafiya. Hukumar lafiya ta duniya minti 150 ta ce a sati, wato minti 30 sau 5. Ni da ko masallacin Juma'a da moto nake zuwa. Na fara fita bayan asuba don in rana ta ɗaga a Yamai ba mai iya sipor, musamman watan Afrilu da Mayu, da farko zagayen unguwa kawai ina haki kamar rago a kasuwar layya, daga baya na riƙa kai kaina filin wasa na Seyni Kunce ina zagayawa tare da tsofaffin ma'aikata, a nan na gane mu masu wannan ciwo muna da yawa, kowa dai ya rufe bakinsa ne. Wani dattijo a can ya koya mini in riƙa sa ƙwayar sukari 3 a aljihu ko da jiri da rawar jiki za su kama ni, in kuma duba tafin ƙafata kowane dare.

Wata 5 na sauka kilo 93. Emoglobin glike ya dawo 7,2. Tashin fitsarin dare sau 5 ya zama sau 1, ƙishirwar nan da ba ta jin ruwa ta tafi. Ni ina murna, ashe gari ya ɗauka.

A Katako aka fara. Wannan ya ce Elhaji lafiya kuwa, wancan ya ja ni gefe ya ce in bashi ne ya yi mini yawa in faɗa masa kada in kashe kaina da tunani. Wani mai kawo mini kaya bashi tun shekara 8 ya fara cewa sai kuɗi hannu, don an ce masa na karye. Mata a unguwa suka ce maman yara ta mallake ni har abinci awo take mini, ta dawo daga wani suna tana kuka. Wasu ma ciwon zamani suka laƙaba mini. Kuma in za a faɗi gaskiya ban ga laifinsu duka ba, mu a wurinmu tumbi shi ne shaidar Allah ya buɗa, wanda ya je Abijan ya dawo a bushe ai ba a tambayarsa labari. Sannan akwai ramar da diyabet kansa ke sawa in ya yi yawa, sukari na zubewa ta fitsari jiki na cin kansa, sun ga mutane sun rame haka sun mutu. Ta ina za su bambance waccan ramar da tawa?

Ban san wa ya kai labari Tawa ba har yau, ina dai zargin wata ƙanwata. Wata Talata da la'asar ina shago aka kira ni wai Inna tana gar. Tsohuwa mai shekara 70 da wani abu ta shiga kar ita kaɗai, ta biyo Ƙonni da Dutsi da Doso, sama da kilomita 500, da buhun gero da cuku da kwalbar zuma da man shanu.

Da ta gan ni ba ta amsa gaisuwata ba. Ta kama rigata ta jijjiga ta ga yadda take lilo a jikina, ta ce "ɗan nan mi ya same ka? Wa ya ci maka dukiya?" Na ce Inna lafiya lau nake, rejim nake yi. Ta ce "rejim ɗin mi, mu da munka ga yunwar 84 ba mu yi wannan ramar ba."

A gida ta ƙi kallon maman yara. Washegari tun da safe ta sa aka daka gero, ta dama hura da hannunta, ta ce tunda an ce sukari ne to ba ta sa sukari ba, zuma ta sa, zuma kuwa magani ce. Ta kuma jiƙa mini ganyen dogon yaro wai ɗaci ke kashe zaƙi, in watsar da ƙwayoyin nasara. Jama'a ku faɗa mini, wa ke iya ture ƙwaryar uwarsa? Na san zuma a jini sukari ce, lokotoro ya faɗa mini tun ranar farko, ya kuma gargaɗe ni kada in bar metformin don wani jiƙo. Na karɓa na sha ludayi 4 na ajiye, na ce Inna ki ba ni awa 2 zan nuna miki wani abu.

Da lokaci ya yi na zauna gabanta na huda yatsa, 2,10. Na ɗauko karnen da nake rubutawa na nuna mata na jiya da shekaranjiya, ita ba ta karatun boko amma ta san ƙidaya sarai, tsohuwar mai saida albasa ce. Sai na shiga ba ta labarin yadda nake kafin a gano, ƙishirwa, fitsarin dare, gani dishi-dishi, ƙurjin da ya fito mini a ƙafa ya yi wata 2 bai warke ba.

Ina cikin magana na ga ta yi shiru ta saki carbinta. Can ta ce "Babanka da buta yake kwana. Kuma ƙaya ce ta soke shi a gona, ƙaya guda, ƙafar ta ƙi warkewa har ta tahi da shi. Mu sammu munka ce." Ina da shekara 11 lokacin, ban taɓa jin wannan ba sai ranar. Maman yara da ke bakin ƙofa ta shigo ta zauna, Inna ba ta kore ta ba.

Ba wanda ya sake magana har aka kira azahar. Da dare na ji ta tashi zagayawa sau 4, don ɗakinta na jikin nawa. Da asuba na fito da takalmin tafiyata na same ta zaune kan tabarma ba ta karya ba, ta miƙo mini yatsa ba tare da ta dube ni ba, ta ce "taho da abin nan naka."

Abin da na'urar ta nuna da yadda muka kwashe da ita kan zuwa likita, sai sati mai zuwa in Allah ya kai mu.