Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Gumi Ba Ya Tsufa

Makon jiya na tsaya a inda muka sauka Houston, ni da Ummi tana da shekara 4, a watan Maris na 2012. Na yi alkawarin ba ku labarin neman makarantarta, amma ku yi mini haƙuri. Shekaranjiya na buɗe akwatin Inna don kayan su sha iska, sai ƙamshin turaren wutar da ya kama su ya tono mini wata magana da ta daɗe tana cina. Ita zan fara saukewa.

Jaka 2 aka yarda in ɗauko a jirgi, kowace kilo 23. Ɗaya na cika ta da kayan Ummi da kuka da busasshiyar kuɓewa. Ɗayar kuwa rabinta kayan Inna ne. Akwai atamfa 'yar Holan guda 3 daga lefenta na 1978, lokacin da naira ɗaya ta fi dala ɗaya daraja, an yi musu ɗinkin da, riga mai faɗin hannu, wuya a zagaye, ba dutse ba ƙyalli. Akwai 'yan Kaduna guda 2 na masaƙar UNTL. Sai baƙin zanen saƙi na Hajiya Babba, rinin Ƙofar Mata, wanda in kika ɗaura shi da zafi sai shunin ya hau miki fata. Gwaggo ta yi ta faɗa, wai wa ke tafiya Amurka da tsummokara. Inna tana ninki, ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "Bar ta ta tafi da su. Wata ta kaɗa zaren nan, wani ya saƙa, wani ya yini a bakin karofi. Gumi ba ya tsufa."

Haka take faɗa a kan komai. In ɗan dako ya kawo mata buhu daga kasuwar Singa, ba ya juyawa sai kuɗinsa na hannunsa, ko da kuɗin cefane za ta taɓa. Takan ce gumin mutum ko ya shekara 40 yana nan yana jiran mai shi.

Facalata ta riga ni zuwa ƙasar nan da shekara 9. Kun san ta tun kashi na 11, ba sai na maimaita ba. Da na yi wata 2 na fara samun 'yan kuɗin lalle, sai na ce bari in girmama ta, tunda matar yayan Baban Ummi ce. Na gayyace ta da 'ya'yanta cin kifi a wani gidan abinci kusa da titin Bissonnet. Na saka atamfar Inna mai ruwan goro, na ɗaura kallabinta. Da ta zo ɗaukarmu ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Amarya, wannan kuma daga Gidan Makama kika aro?" Gidan adana kayan tarihi na Kano take nufi. Na haɗiye.

Yarinyar da ta kawo mana abinci ba za ta wuce shekara 20 ba, ga tsohon ciki. Sau 2 Ummi tana zubar da lemo, sau 2 yarinyar nan tana durƙusawa da cikinta tana gogewa, har ta kawo mata takarda da fensir mai launi don ta zauna. Kuɗinmu ya kama dala 64. Na ba da 70, ta dawo mini da canji a ɗan faranti, na kwashe dala 6 ɗin nan tas na zuba a jaka, na yi mata godiya har da addu'ar Allah ya sauke ta lafiya. Na ga fuskarta ta sauya, ban gane dalili ba. Facalata na zaune tana kallo. Ba ta ce uffan ba, ba ta kuma ajiye ko dala ɗaya daga jakarta ba.

Sai bayan mako 3, a gidan suna, a tsakiyar mata sun fi 20, ta buɗe baki ta ba da labarin, har tana kwaikwayon yadda na kwashe canjin. Ta haɗa da kayan jikina, wai mai saka tufafin kakanni ai dole ta riƙe kwabo. Aka yi ta dariya. Yau shekara 13 ke nan, kuma abin da ban yafe ba shi ne shirun da ta yi a teburin nan. Kalma ɗaya a kunnena da ta wadatar. Ta zaɓi ta bar yarinya mai ciki ta tafi hannu wofi don ta samu labarin ba wa mata.

Ni ba rowa na yi ba, 'yar Inna ba ta rowa. A gidanmu tukuici na ɗan aike ne. Maƙwabciya ta aiko yaro da kwanon abinci, ba a mayar da shi haka nan. An kawo lefe, a ba masu kawowa tukuici. An ce miki albishirinki, ki ce goro. A kasuwa kuwa mai sayarwa ne ke yi wa mai saye gyara, in kin sayi mudun shinkafa ya ƙara miki ɗan hannu. Ban taɓa ganin inda za a rubuta miki farashi, ki biya cif, a ce kuma da sauran hakki a kanki ba.

Wadda ta zaunar da ni ita ce wata dattijuwa 'yar zangon Kumasi da ke ƙasan benenmu, Allah ya jiƙanta. Ta same ni a matakala ina kuka washegarin sunan, ta ja ni ɗakinta ta zuba mini koko. Ta ce, "'Yata, ba kyauta ba ce, albashinsu ne." Jikarta na wannan aikin, don haka ta san shi ciki da bai. A nan Texas doka ta yarda mai gidan abinci ya biya masu kai abinci tebur dala 2 da santi 13 a awa, kuma tun 1991 adadin nan bai motsa ba, alhali mafi ƙarancin albashin sauran ma'aikata dala 7 da santi 25 ne. An ɗora sauran a kan abin da masu cin abinci za su bari. A doka, in bai kai ba mai gidan ne zai cika, amma ko ya cika ɗin, me dala 7 za ta yi wa mai shirin haihuwa? A wurare da yawa kuma cikin abin da ta samu za ta cire wa masu kwashe kwanuka nasu. Ta koya mini dabara: harajin saye a Houston kashi 8.25 ne cikin 100, in duba shi a rasit in ninka biyu, shi ne mafi ƙarancin abin da zan bari, in an kyautata mini in kai kashi 20.

A daren nan ban yi barci ba. Hadisin da aka koya mana a Islamiyya, a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, shi da muryar Inna suka yi ta yi mini yawo a kai. Da safe na sa dala 20 a ambulan, na hau bas na koma. Aka ce ta bar aiki, haihuwa ta zo. Ko sunanta ban riƙe ba. Na roƙi wata abokiyar aikinta ta kai mata, ta karɓa, amma har gobe ban san ko ya isa hannunta ba. Duk azumi ina fitar da sadaka da niyyarta, ita da abin da ta haifa, wanda yanzu ya isa shiga sakandare.

Ni ma da aka fara ba ni, ban ji daɗi ba. Wata amarya 'yar Pakistan na yi wa lalle, muka yi ciniki dala 80, ta miƙo 100 ta ce in riƙe. Raina ya sosu, na ɗauka ta ga alamar talauci a jikina ne. Sai da na daɗe kafin in karɓi abin a matsayin ladan bayana da ya yi awa 4 a sunkuye. Har yau dai in na gama wa mace lalle sai na ƙara mata fure ɗaya a yatsa, in ce wannan gyara ce. Abin da ban yarda da shi ba shi ne na yanzu, ki sayi burodi a tsaye a kanti a juyo miki na'ura tana neman kashi 25. Wannan ba gumin da Inna take nufi ba ne, kuma ba na jin kunyar danna babu.

Inna ta rasu a 2015, takarduna ba su fito ba, ban ga gawarta ba. Wannan kashi ne na daban, ban shirya masa ba tukuna.

Da ambaliyar Harvey ta zo a watan Agusta na 2017, mun riga mun koma gidan ƙasa. Ruwa ya shigo mana cikin dare har gwiwa. Baban Ummi ya ɗauki ƙaramin, ya ce in ɗauko fasfo da takardu kawai. Na ɗauko su, na kuma ɗora akwatin Inna a ka, haka na ratsa ruwan har motar da ta kwashe mu. Kujeru da gado da leshina na aure duk sun tafi. Gefen zanen Hajiya Babba ne kawai ya jiƙe, shuninsa ya zuba a kan atamfa mai ruwan goro, tabon yana nan a gefen zanen. Ban yi ƙoƙarin fitar da shi ba.

Bara Ummi ta ja ni shagunan tsofaffin kaya da ke titin Westheimer. Gwanjo ne irin na Ƙofar Wambai, sai dai su bintej suke ce masa, an wanke an goge an rataye ɗaiɗai, rigar shekarun 1970 ta fi sabuwa tsada. Ranar atamfar Kaduna ce a jikina. Mai shagon ta fito daga bayan teburin cinikinta, ta nemi izini ta taɓa bakin zanen, ta juya ɗinkin ta ciki ta duba, ta tambayi shekarunsa. Na gaya mata masaƙar da ta buga shi ta taɓa ciyar da dubban gidaje a Kaduna. Ta yi mini tayin dala 300. Na ce ba na sayarwa ba ne. Ummi ta riƙe hannuna har muka fita, kuma tun ranar ita ke ninke kayan da kanta.

A watan da ya wuce facalata ta kira ni, karo na farko cikin kusan shekara guda. Autarta za ta yi bikin gama makaranta, ta ga hoton Ummi da atamfa mai ruwan goro, ta ce lallai irinta take so, an zaga an rasa. Ta ce, "Maman Ummi, ko za ki ara mata ta yini ɗaya?" Ban tuna mata Gidan Makama ba, ko da yake maganar ta zo mini har baki. Yarinya ba ta yi mini komai ba, na kuma san abin da Inna za ta yi. Na ce ta turo ta gidana, ni zan ɗaura mata da hannuna, ni kuma zan kwance. Uwar kuwa har yanzu ba ta ce mini komai a kan teburin nan ba, ni ma ban daina jira ba.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, sai labarin makarantar Ummi.