Dausayin Lekki: hekta 78 da gine-ginen Legas suka yi wa ƙawanya

Da ƙarfe bakwai na safe na bar Obalende na kama titin Lekki zuwa Epe. Wanda ya bari rana ta ɗaga zai sha cunkoso, ya kuma tarar tsuntsaye sun yi shiru. Gandun dajin Lekki Conservation Centre na nufa, ƙofarsa tana kusa da ofishin kamfanin mai na Chevron. Gidauniyar kare muhalli ta NCF ce ta kafa shi a 1990, fili mai hekta 78, akasarinsa fadama ce mai ruwa kwance da itatuwan tukurwa.

A ɓangaren fadamar ba a taka ƙasa. Gadar katako aka shimfiɗa a kan turaku, kusan kilomita 2, domin sawun jama'a yana danne laka, ya kashe tsiro, ya tashi kada da guza daga makwancinsu. Da damina katakon yana santsi, don haka a bar silifas a gida, a sa takalmi mai kama ƙafa. Gadar saman itatuwa kuwa, mai tsawon mita 401, a 2015 aka buɗe ta. Tana lilo. A riƙe igiya hannu bibbiyu, a bar tazara tsakani.

Abin da ya fi tsaya mini a rai birai ne, irin da ake kira mona. A gabana wata baƙuwa ta miƙa wa ɗaya biskit, nan take huɗu suka diro, ɗaya ya fizge ledar. Birin da ya saba da hannun mutum yakan rage neman 'ya'yan itace, ya koyi ƙwace, wata rana ya yi cizo, sannan a ce shi ne mugu. Abinci ya zauna cikin jaka a zuge, a kuma fita da leda da gorar ruwa, domin ruwan fadama ba ya gudu, abin da ya faɗa ciki ya zauna ke nan.

Daga kan gadar saman itatuwa na hango rufin gidaje ta kowane gefe. Yawancinsu fadama aka cike da yashi aka gina, kuma katanga ba ta tare ƙazamin ruwan kwata. Shi ya sa na ga aikin ilimantarwa ya fi shinge amfani: gidauniyar tana da ƙungiyoyin kare muhalli a makarantu, ɗalibai kuma suna zuwa ayari-ayari. Ina fita na bar wani aji a gindin bishiya, jagora yana nuna musu yadda ake bambanta sawun kada da na guza a kan laka.