Taragon KiHa 40 na kwali: gefuna sun tsaya, saura gaba da fenti

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu koyon haɗa ƙananan jiragen ƙasa. Ga inda aikina ya kwana. Gefuna biyu na taragon sun tsaya, na manna su da ƙasan, rufi kuma yana ɗaure a jikin bututun ruwa na roba don ya karɓi lanƙwasa. Ma'aunin da nake bi shi ne 1 bisa 80, wanda masu wannan aiki a Japan suka saba da shi. Taragon gaske tsawonsa mita 21.3 ne, faɗinsa mita 2.9, don haka nawa ya kama kusan milimita 266 a tsawo, 36 a faɗi.

Wanda bai san shi ba, KiHa 40 tarago ne mai tuƙa kansa. Injin dizal ɗinsa yana ƙarƙashin daɓe, ba ya jiran kan jirgi ya ja shi. Hukumar jiragen ƙasa ta gwamnatin Japan, JNR, ta fito da shi a 1977 don ya gaji tsofaffin taragun KiHa 10 masu matsattsen jiki, waɗanda ke aiki tun shekarun 1950. Zuwa 1982 an ƙera guda 888 a masana'antun Niigata Tekko da Fuji Heavy Industries. Iri uku ne a ƙarƙashin wannan suna. KiHa 40 yana da wurin direba gaba da baya, yana iya tafiya shi kaɗai. KiHa 47 wurin direbansa ɗaya, ƙofofinsa masu ganye biyu ne, an matso da su wajen tsakiya. KiHa 48 shi ma wurin direba ɗaya, amma ƙofofinsa masu ganye ɗaya ne a ƙarshen jiki.

Shawarata ga duk mai son gwada shi: kafin reza ta taɓa kwali, a tsayar da yankin da kuma shekarar da ake nufi. Wanda aka yi wa tsibirin Hokkaido tagoginsa ƙanana ne masu gilashi ninki biyu saboda tsananin sanyi. Na yankuna masu ɗumi, 'yan jerin lamba 2000, tagoginsu manya ne masu hawa biyu, ƙafafunsu kuma kan sifirin na ƙarfe suke, alhali na yankin sanyi kan sifirin na iska suke. Idan aka ɗauko taga daga wannan hoto, ƙafa daga wancan, za a haɗa taragon da bai taɓa taka dogo ba.

Ni na tsaya a kan ɗan jerin 2000, yadda yake a shekarunsa na ƙarshe a layin Tadami, wanda ya ratsa duwatsu tsakanin Aizu-Wakamatsu a Fukushima da Koide a Niigata. Tagogin su suka fi cin lokaci. Kowane gefe kwali ninki uku na yi: na waje mai babban rami, na tsakiya mai ramin da ya ɗan fi ƙanƙanta don firam ya leƙo, na ciki kuma shi ke riƙe farar robar da ke madadin gilashi. Sandar da ta raba taga sama da ƙasa ba ta kai milimita ɗaya ba. Ina ɗiga mata gam mai saurin kamawa ta sha ta bushe tukuna, sannan in yanke gefenta, in ba haka ba sai ta yage. Kusurwa kuwa daga lungu ake fara yanka a nufo tsakiya, da rular ƙarfe a danne sosai.

Ƙarƙashin taragon ya sa na koma karatu. Injinsa na asali, DMF15HSA, ƙarfin doki 220 ne kacal, ga jiki mai nauyin sama da tan 36. Kamar a ɗora wa jaki kayan raƙumi ne. A takarda yana kai kilomita 95 a awa, amma a hawa sai ya yi ta gurnani yana jan jiki, yana shan mai. Sai dai jikin nan mai nauyi shi ya ba shi tsawon rai, don ƙarfensa ya jure. Da aka raba JNR zuwa kamfanonin JR a Afrilun 1987, kamfanonin suka riƙe jikin, akasarinsu suka sauya injin. JR East da JR Central suka sa na Cummins, JR West ta sa na Komatsu, ƙarfin ya koma tsakanin 300 da 350. Da yawa aka ƙara musu na'urar sanyaya ɗaki, alhali da fanka kawai suka fito. Duk wannan yana sauya siffar abin da ke rataye a ƙasa da abin da ke kan rufi, shi ya sa hotunan 1978 ba za su yi min amfani a nan ba.

Abin da ya fi kama raina shi ne rayuwarsa bayan tsufa. A Kyushu an gyara wasu suka zama Ibusuki no Tamatebako a 2011, jirgin yawon buɗe ido da rabin jikinsa fari ne, rabi baƙi. A yankin Noto akwai Hanayome Noren na 2015, wanda aka yi da KiHa 48. Wasu sun ƙetare teku zuwa Myanmar, suka shiga jigilar mutane a layin da ya kewaye Yangon, bayan an matse ƙafafunsu daga milimita 1,067 na Japan zuwa 1,000. A 2024 guda 20 daga JR East suka tafi Thailand. Wannan 1,067 ɗin, ku lura, daidai yake da faɗin tsohon dogonmu na Legas zuwa Kano.

Na Tadami sun bar layin a 2020. Ambaliyar 2011 ta yanke wani sashe na layin, ba a sake buɗe shi gaba ɗaya ba sai Oktoban 2022, ke nan ba su samu komawa wannan sashe ba. Wannan yana taɓa min zuciya ƙwarai. Kamfanin Kominato da ke lardin Chiba ya sayi guda biyar daga JR East, ciki har da na Tadami, suka ci gaba da ɗaukar fasinja a can.

Fenti kuwa na yanke shawara. Launin asali jan lemo ne bai ɗaya, kuma shi ya fi sauƙi ga mai farawa. Na Tadami fari ne da kore iri biyu, mai duhu a ƙasa, mai haske a samansa. Fari zan fara fesawa ya kwana, sannan in rufe da tef in sa koren.

Kafin nan akwai gaban taragon. Gilashin direba ya zagayo kusurwa, ƙofa tana tsakiya, fitilu biyu suna sama. Ina tunanin sassaƙa goshin da itace mai laushi in goge da sanfefa, amma haɗa shi da kwalin rufi ba tare da tabo ya fito ba shi ne aikin. Wanda ya taɓa haɗa itace da kwali a irin wannan gaɓa, don Allah ya faɗa mana da me ya cike tsagar.