Jarkar fitsari da zoben da ba a gani ba

Talata, da dare.

Ƙarfe bakwai na safe daidai na rufe jarkar. Awa 24 ke nan ina tara fitsarina a cikinta. Na farkon safiyar jiya aka ce in zubar, duk wanda ya biyo baya kuwa ko ɗigo kada ya kuɓuce. Jiya ko ƙofar gida ban leƙa ba, don ina zan kai ta? Ma'aikaciyar ɗakin gwaji ta ja min kunne kada in kuskura in ɗauraye jarkar da ruwan famfo, wai ruwan da ya biyo ta bututun jan ƙarfe yana iya ɓata lissafin, tunda jan ƙarfen ne za a auna a fitsarin. Auta ya tarar da ni ina naɗe ta cikin leda biyu, ya kwashe da dariya. "Yaya, yau layi ya zo kanki." Shi ya yi wannan tarin har sau uku, ya zama gwani.

Wata huɗu ke nan da aka ba ciwonsa suna: cutar Wilson, ciwon gado da ke sa jan ƙarfe ya taru a jiki, shi ya sa ni ma ake gwada ni. Kafin nan babu sunan da ba mu ba shi ba, lalaci, rashin kunya, iskancin samartaka. Rubutunsa ne ya fara lalacewa, ya ƙanƙance ya koma kamar tafiyar tururuwa, malamansa suka yi ta kawo ƙara. Sai magana ta fara sarƙe masa, yawu yana taruwa a bakinsa, fushi ba gaira ba dalili. Ni da bakina na ce masa ya daina wannan lauɗin idan yana magana da manya. Har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

A asibiti ɗakin ido aka fara kai ni. Na ɗora haɓa a kan na'urar, na jingina goshi, likitan ya haska wani siririn haske a idona, ya ce in dubi kunnensa. Zobe yake nema, zoben Kayser-Fleischer, wata da'ira mai launin ƙasa-ƙasa da ke fitowa a gefen baƙin ido idan jan ƙarfe ya taru a wurin. Na Auta na gan shi a hoton da aka ɗauka ranar farko, kamar an zagaye idon da tsatsa. Ya duba na dama, ya duba na hagu, ya sake komawa na dama, ni kuwa zuciyata sai dukan uku-uku take yi.

"Ban ga komai ba," ya ce.

Na saki numfashi. Bai bar ni na gama murnar ba. Ya ce waɗanda ciwon ya taɓa wa ƙwaƙwalwa kusan dukkansu suna da zoben, amma cikin waɗanda ya tsaya musu a hanta, kusan rabi ne kawai ake ganinsa, wanda bai fara nuna alama ba kuwa sau da yawa idonsa fes yake. Wato dai ido ya yi shiru, bai wanke ni ba.

Daga nan sai ɗibar jini, kwalba uku. Ɗaya ta aikin hanta, ɗaya ta seruloplasmin, furotin ɗin da ke ɗaukar jan ƙarfe a cikin jini, wanda a yawancin masu ciwon yake sauka ƙasa da miligiram 20 a kowace desilita. Ta ukun ta gwajin gado ce. Na miƙa jarkata ina sunkuyar da kai, matar ta karɓa ko kallona ba ta yi ba, ta manna takarda ta tura gefe inda irinta guda biyar ke jere. Ashe ni kaɗai nake jin kunya.

Likitar hanta ce ta zauna da mu sosai, kuma saboda Umma ta yi hakan. Umma tun da ta ji kalmar gado take ɗora wa kanta laifi. Yau ma ta sake tambayar da ta yi sau ba adadi: "Likita, daga wajena ne ko?"

Likitar ta jawo takarda ta zana akwati huɗu. Ta ce akwai wata ƙwayar gado mai suna ATP7B, a kan kuromosom na 13, wato ɗaya daga cikin zaruruwan da ke ɗauke da gado a jiki, kowa yana da biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Aikinta shi ne ta taimaki hanta ta tura rarar jan ƙarfe cikin ruwan matsarmama, ya bi hanji ya fita. Jiki yana bukatar jan ƙarfe, amma ɗan kaɗan, bai kai miligiram ɗaya a rana ga babba ba, abincin yau da kullum kuwa yana kawo fiye da haka. In ƙwayoyin biyu duk sun samu tangarɗa, hanyar fitar ta toshe. Sai ya yi ta taruwa a hanta shekara da shekaru ba a sani ba, in ta cika ya malala cikin jini ya nufi ƙwaƙwalwa da ido da ƙoda. Mai tangarɗa ɗaya lafiyarsa ƙalau, ba zai taɓa sani ba, kuma kusan mutum ɗaya cikin 90 haka yake. Sai irin waɗannan biyu sun haɗu, sannan kowane ciki yana da akwati ɗaya cikin huɗu. Ta ɗora biro a kan akwatin ƙarshe. "Wannan ne ya faɗo kan ɗanki, Hajiya. Ke ba ki zaɓa ba, mahaifinsa bai zaɓa ba."

Umma ta dubi takardar, ta dube ni. Na san abin da take lissafawa. Ni ma shi nake lissafawa tun wata huɗu. A duniya ana cewa mutum ɗaya cikin 30,000 ne ke da ciwon, amma ni ba cikin 30,000 nake ba, cikin huɗu nake.

Abin da ya ɗan kwantar min da hankali, likitar ta ce in ma an samu, samu tun kafin alama ya fi komai, don ana fara magani mutum ya rayu kamar kowa. Ta ce lokacin da Kinnier Wilson ya bayyana ciwon a 1912 a Landan, duk wanda ya kamu mutuwa yake yi, shi kansa bai san jan ƙarfe ne sanadi ba. Sai a 1956 John Walshe ya kawo penisilamin, wanda ke damƙe jan ƙarfen ya fitar da shi ta fitsari, daga baya kuma tirayentin ga waɗanda na farkon bai karɓe su ba. Akwai kuma zink, shi a hanji yake tsayawa ya hana jan ƙarfen shiga jiki tun farko. Na lura tana faɗin wannan tana kallon Auta, ba ni ba.

Dalili ya fito da yamma. Na je ɗakinsa ɗauko caja, na ga kwalin maganinsa, na ƙirga haka kawai. Ƙwaya shida sun yi rara.

Da farko ya musa. Da na jera su a tafin hannuna sai ya fashe. Ya ce ya gaji. Magani sai ciki babu komai, awa guda kafin abinci ko awa biyu bayansa, ga bitamin B6 a kai, ga ba hanta, ba cakulan, ba kaguwa da jatan lande, ba laimar kwaɗi, kuma duk da haka makonnin farko rawar hannunsa ƙaruwa ta yi. Wannan gaskiya ne, na gani da idona, kofi sai da hannu biyu yake ɗauka, kuma an gargaɗe mu cewa penisilamin kan yi wa wasu haka a farko. "Yaya, har yaushe?" ya ce. Amsar ita ce har ƙarshen rai, shi ma ya sani. Ya kuma san abin da aka gaya mana ranar farko, cewa waɗanda suka ji sauƙi suka ajiye maganin, hantar wasunsu kan tsaya farat ɗaya, daga nan sai dashe in an samu.

Na buɗe baki zan yi faɗa, sai na tuna faɗan lauɗi. Na rufe. Na zauna a bakin gadonsa, na ce gobe da safe za mu kira likitar mu gaya mata gaskiya, ƙwaya shida, ba ragi. Ya ce za ta yi fushi. Na ce ta yi, gara fushinta.

Mun zana jadawali a bayan wani tsohon kalanda, na ce ya rubuta ranakun da kansa. Ya daɗe a kan "Laraba", biron yana kaɗawa, amma tana karantuwa, abin da wata biyu baya ba zai yiwu ba. Da ya gama sai ya ja wani layin a gefe, babu komai a ciki. Na ce na mene ne? Ya ce, "Naki ne, ko da za a bukata."

Sakamakon jini da na fitsari sai ranar Litinin. Na gado an ce zai ɗauki makonni.